Daga akwatin jirgi zuwa cikin garke: yadda muke karɓar biran da aka ceto

Birin da aka ƙwato daga hannun 'yan fasa-ƙwauri, ko aka karɓe daga gidan da ake ajiye da shi kamar ɗan gida, ba ya hawa jirgi sai takardu sun riga shi. Kowane nau'in biri yana cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wadda aka sa wa hannu a 1973 ta fara aiki a 1975. Waɗanda ke rukuni na ɗaya, wato masu fuskantar barazanar ƙarewa, irin su cimfanzi da gorila, sai da izini biyu: na shigowa daga ƙasar da mafakarmu ta birai take, da na fitarwa daga ƙasar da birin yake. Na shigowar ake fara samu, don hukumar ƙasar da birin yake ba za ta ba da nata ba sai ta gan shi. Izinin fitarwa wata 6 ne wa'adinsa, na shigowa wata 12. A nan muka taɓa tuntuɓe. Mun karɓi izinin fitarwa tun ba mu sami kamfanin jirgin da zai yarda ya ɗauki biri ba, kafin a samu wa'adi ya cika, aka koma farko. Sauri ya haifi nawa. Tun daga nan sai mun kama jirgi, an gama akwati, ɗakin killacewa ya zama babu kowa, sannan mu nemi takardar da ke saurin mutuwa. Ana kuma sa wa birin 'yar ƙwayar shaida mai lamba 15 a ƙarƙashin fata, kuma lambar nan ce za ta fito a kan kowace takarda. Lamba ɗaya ta kuskure, akwati ya kwana a ma'ajiyar kwastan da rai a ciki.

Akwatin ana ƙera shi ne bisa ƙa'idar jigilar dabbobi masu rai ta IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. Katako mai ƙwari, a lulluɓe ciki da ƙarfe idan babban biri ne, ramukan iska a rufe da raga yadda yatsa ba zai leƙo ba, ƙasa da faranti mai tsotse fitsari, da mazubin ruwa da za a iya cikawa daga waje. Mako biyu ko uku kafin tafiya muna sa a jingina akwatin da kejinsa a riƙa ba shi abinci a ciki, har ya saba shiga da kansa. Ba a yi masa allurar barci don tafiya. Birin da ke cikin maye jikinsa na yin sanyi, yana iya shaƙe aman kansa, kuma babu mai ganinsa a cikin ɗakin kaya.

Killacewa ita ce ƙashin bayan aikin. Bahaushe ya ce biri ya yi kama da mutum, to a wajen cuta kamar ta wuce ta fuska. A 1967 biran da aka kai Jamus daga Yuganda suka harbi ma'aikatan ɗakunan gwaji a garuruwan Marburg da Frankfurt, mutum 7 suka mutu, sunan Marburg ya zama sunan cutar. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta ware kwana 30 ga birin da aka haifa a hannun mutane likita na duba shi, da mako 12 ga wanda ba a san tarihin lafiyarsa ba. Birin ceto kusan kullum na biyun ne, ko da mai shi ya rantse. Waɗanda suka shiga tare su fita tare. Idan aka ƙara sabo a ɗakin, lissafi ya koma ranar farko.

Kwanakin farko ba ma taɓa shi. Ruwa, abinci, ɗumi, shiru. Sai ya fara ci sosai, sannan a hana shi abinci na dare ɗaya, a yi masa allurar barci ta ketamin, kimanin miligiram 10 ga kowane kilo, a yi komai a zama ɗaya: awo, ɗibar jini, duba haƙora, hoton ƙirji, da shafa jiki a hankali. Marayun da aka harbe uwarsu sau da yawa akwai 'yan harsasai a ƙarƙashin fatarsu, waɗanda aka ɗaure kuwa sai ka tarar igiya ta nutse a ƙugu nama ya rufe ta. Kashinsa ana gwada shi aƙalla sau uku a ranaku dabam-dabam, don tsutsar ciki ba kullum take zubar da ƙwai ba.

Gwajin tarin fuka a fatar ido ta sama ake yinsa, ruwan gwaji mililita 0.1. An zaɓi wurin ne don a iya karanta sakamako daga bayan raga, ba sai an sake sa shi barci ba. Bayan awa 24, da 48, da 72, mutum ya tsaya da tocila ya ɗaga 'yar loma sama, biri ya ɗaga kai, a kalli idon. Ɗan ja kaɗai ba komai ba ne, yawanci sawun allura ne. Kumburin da ya sa fatar ta sauko ta fara rufe ido shi ne abin tsoro. Sau uku ake yi, da tazarar aƙalla mako biyu, a riƙa sauya ido, saboda sabon kamu ba ya nunawa, haka ma wanda ƙyanda ta kwantar ko cutar ta riga ta cinye shi.

Abin da sababbin ma'aikata ke mantawa shi ne cutar ta fi tafiya daga wajenmu zuwa wajensu. Murar da mutum zai warke da ita a kwana uku tana iya kwantar da cimfanzi da ciwon huhu. Ƙurjin nan da ke fito wa mutum a leɓe bayan zazzaɓi yana kashe ƙananan biran mamoset cikin 'yan kwanaki. Saboda haka takunkumi, safar hannu, gilashin kare ido da takalmin roba ba na ado ba ne, mai mura kuma ya zauna gida. Masu kula da biran makak su kuma su san ƙwayar cutar herpes B da biran ke ɗauke da ita: cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, sannan a tafi wajen likita, ko da ciwon bai kai a duba ba.

Abinci a hankali ake sauya shi, cikin mako biyu, daga shayi da biskit ɗin da aka saba masa zuwa ganye, kayan lambu da abincin birai na kamfani. 'Ya'yan itacen gona zaƙinsu ya fi na daji nesa ba kusa ba, yawansu ke kawo ƙiba, ruɓewar haƙori da ciwon suga. Biran Kudancin Amurka da suka girma a ɗaki ba rana sukan zo da ƙashi a lanƙwashe, sai da bitamin D3 da kalsiyam.

Mafaka ba wurin kiwo ba ce. Cimfanzi na iya haura shekara 50, don haka kowane jariri ya cinye gurbin wani da ke jiran ceto. Mata muna sa musu ashanar tazarar haihuwa, maza kuma a yanke musu jijiyar maniyyi. Dandaƙa ba ta yi mana, don tana zubar wa namiji da matsayinsa a garke.

Haɗa shi da 'yan uwansa shi ya fi komai cin lokaci, musamman wanda ya tashi cikin mutane bai iya yaren birai ba. Yakan zura wa babban namiji ido, abin da su ke ɗauka a matsayin tsokana, ko a miƙo masa hannun sulhu ya ƙwala ihu. Mukan fara da keji biyu da ke kallon juna, sai raga ɗaya a tsakani, sannan a buɗe masa da biri guda mai haƙuri, galibi tsohuwar mace. Wurin haɗuwar dole ya zama da ƙofofi biyu yadda za a iya zagayawa, don a lungu ake rasa yatsu. Mutum ɗaya a kan kowace ƙofa, tiyon ruwa a hannu, abinci a warwatse ko'ina, kwaɗo kuma mutum biyu ke duba shi, don cimfanzi na kallon hannunka yana koyon zare sakata. Kora da ihu da ɗan mari ba sa sa mu raba su, ta haka suke shata matsayi, kuma raba su da wuri maimaita faɗan yake sawa. Jini mai yawa, ko taron dangi a kan ɗaya, shi ke sa a rufe ƙofa.

Alamar da muke jira ƙarama ce. Wata rana za ka ga baƙon ya matso ya juya wa tsohuwar baya, ta sa yatsu tana tsefe masa gashi, shi kuma ya saki kafaɗa. Idan haka ta faru kwana uku a jere, muna barin ƙofar a buɗe su kwana tare, da safe a ƙirga yatsu da kunnuwa, a rubuta wanda ya ci da wanda aka hana, sannan a fara shirin shigo da biri na uku.