Rigar kakanmu da aka wanke, da irinta da na gani a Ingila

Abin da ake bajewa a zauren gidan tarihi kaɗan ne daga abin da ke ajiye. Rigunanmu na saƙar hannu da Turawa suka tafi da su tun ƙarni na 19 yawanci suna ɗakin ajiya, sai ka rubuta musu tun da wuri su sa maka rana. British Museum na Landan yana da su, Pitt Rivers na Oxford ma haka. Ni wani ƙaramin gidan tarihi na nema lokacin da nake karatu a can, suka amsa, na je.

Wata ma'aikaciya ta jawo durowa mai faɗi, sai ga saƙi da aikin aska takwas a aljihu, shafinta na jan alharini, irin wanda fatake ke ketowa da shi Sahara daga Tarabulus. Akwai ta tsamiya ma. Duk sun yi kyau, amma da ta buɗe ta ƙasa sai jikina ya yi sanyi. Ƙore ce, baƙa wuluk, tana ɗaukar ido, shunin nan har yana komawa ja-ja idan haske ya taɓa shi. Sak irin ta kakanmu, kafin a wanke ta.

Na tambaye ta yadda suke wanke irin wannan. Ta dube ni, ta ce ba a wankewa. Ƙura kawai suke zuƙewa a hankali ta bayan raga. Ai ni ma na san dalili, jin sa daga bakin baƙuwa ne ya ƙona min rai. Ƙyallin ƙore ba a cikin zare yake ba. Bayan an tsamo ta daga marina, a mabuga ake zuba mata garin shuni a yi ta bugu a kan gungume har ya kwanta a saman yadin. Haka ake yi wa turkuɗin Kura da Buzaye ke saye, shi ya sa yake rina musu fata. Ruwa da sabulu na taɓa shi, shi ke nan.

Tamu kuwa Baffa ne ya ɗauko ta daga adaka ana gab da Sallah, ya ga tana ɓata masa hannu, ya ce dauɗa ce, ya miƙa wa mai wanki da guga. Ta dawo fes, shuɗiya mai duhu, ba ƙyalli ko na anini, ɗinkin ƙwarya ya buɗe a kafaɗa saboda murza. Wa zai yi wa Baffa faɗa? Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Baffa, da an bari mun tambayi mutanen Ƙofar Mata tukuna." Ya ce riga ai ta sawa ce. Ba ƙarya ya yi ba, amma har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Sauran abin da na koyo a ɗakin nan ba shi da wuya. Ba sa rataye babbar riga, domin nauyinta yana yaga ɗinkin kafaɗa, kwantar da ita suke yi. Inda dole a ninke, sai su cusa takarda mai laushi a cikin ninkin don kada zaren ya karye. Hasken da suke bari ya faɗa wa tufafi a wurin nuni bai wuce ma'aunin lux 50 ba. Idan suna zargin asu ya shiga, sai su rufe tufar ruf su sa a firiza mai tsananin sanyi na kwanaki. A gida dai na nemi farin ƙyallen auduga na naɗe abin da ya rage mana, na raba shi da leda, domin da damina leda gumi take yi ta jawo hunhuna.

Wani abin da ya ba ni haushi shi ne katin rigar. An rubuta sunan Baturen da ya kawo ta da shekarar da ta shigo, amma ba masaƙi, ba marini, ba wanda ya yi aikin allura, ko garin babu. Barth, matafiyi Bajamushe da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafinta suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus, amma a katin, masu wannan aiki duka sun tashi a kalma ɗaya: Hausa. Na gaya wa ma'aikaciyar sunayen aikin da na gane, ta rubuta a takardarta.

Da na dawo na zaunar da Gwaggo ta faɗa min wanda ya saƙa tamu da unguwar da aka rina ta, na rubuta na sa a cikin adakar. Na kuma kai rigar wurin wani tsohon mabugi. Ya juya ta, ya ce za a iya mayar da ita marina a sake bugu, sai dai zaren ya yi rauni, bai ɗauki alkawarin za ta jure ba. Na naɗe kayana na dawo, mukullin adakar kuma yanzu yana hannuna.