Ayisin amfilifaya: ka fara duba batirinka

Watan jiya ladanin masallacin layinmu a Tudun Wada ya shigo shagona ɗauke da amfilifaya a cikin buhu. Ya ce, "Ɗana, kiran sallar asuba ba ya wuce gida uku, ga akwatin sai zafi."

Na ce, "Baba, da me kuke kunna ta?"

Batirin sola ne mai bolt 12. Ina buɗe murfin na ga ayisin (IC, wato ɗan ƙaramin abin da ke ƙara ƙarfin sauti) TDA2030 ne, ƙafafunsa biyar, an ɗaure shi a jikin ɗan guntun alminiyom da bai kai faɗin akwatin ashana ba. Ayisin lafiyarsa ƙalau, wurin ne ba nasa ba. Wat 14 da ake faɗa a kansa sai an ba shi wuta gida biyu, bolt 14 sama, 14 ƙasa, da sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta). A kan batir guda da lasifika mai om 8, ko wat 2 da ƙyar yake kaiwa. Kuma ajin AB ne, kaso mai yawa na wutar da yake ja zafi take zama.

Na cire shi na sa allon TPA3116D2 na Texas Instruments. Wannan ajin D ne, kunnawa da kashewa yake yi da saurin gaske, shi ya sa wajen kashi 90 cikin 100 na wutar ke isa sifika. Yana aiki daga bolt 4.5 zuwa 26. Amma na gaya wa Baba gaskiya: wat 50 da aka rubuta sai da bolt 21 da om 4. Da batirinsu abin da za su samu bai wuce wat 9 ba. Wat 9 ɗin nan kuwa a lasifikar da ke kan hasumiya ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke damuna shi ne yadda yaranmu ke shiga Kasuwar Sheikh Gumi suna tambayar "mai wat nawa", ba wanda ke tambayar bolt.

Ga ƙananan ayyuka, PAM8403 ya wadatar: bolt 5, cajar waya ma ta isa, sifika biyu yake ɗauka, wat 3 kowace. Sai dai kada a haɗa baƙaƙen wayoyin sifikun biyu wuri guda, kowace da hanyarta. Yaron shagona ya murɗe su tare, kafin in juyo hayaƙi ya tashi. Mai koyo kuwa LM386 nake fara ba shi. Bai kai wat 1 ba, amma idan yaro ya sa kafasita tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, ya ji ƙarfin ya tashi daga ninki 20 zuwa 200, ba ya ƙara mantawa.

Washegari ina kwance na jiyo muryar Baba tar, daga can ƙarshen layi.