Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a shari'ar ƙanena

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Alhamdu lillahi, ranar Alhamis da ta wuce alƙali mai bincike ya sa hannu a takarda cewa babu hujjar ci gaba da tuhumar ƙanena, bayan wata 4 a gidan kaso da wata 2 na sakin talala.

Ɗan kabu-kabu ne. An kama shi ne kan kayan wani shago da aka fasa da dare kusa da kasuwar Dole, wani ya ce ya ga moto irin tasa a wurin. Kwana biyu yana tsare, ba barci, ba wanda ya gan shi daga gida. Aka ce masa in ya amsa, maganar za ta yi sauƙi, ya koma wurin uwarsa. Ya amsa. Aka miƙo masa takarda da Faransanci, shi kuwa daga aji uku ya bar lakwal, ya dangwala hannu a kan abin da bai iya karantawa ba.

Ranar da na fara kai masa abinci, ya riƙe kwanon ya kasa buɗewa. Ya ce, "Yaya, wallahi ban ɗauka ba, amma na riga na ce ni ne. Shi ke nan ko?" Ni ma a lokacin haka na zata, bakin alƙalami ya bushe.

Godiyata ta farko ga wata maƙwabciyarmu a Garin Malam, malamar makaranta, wadda ta ce in je in nemi ofishin ANAJJ, hukumar da gwamnati ta kafa a 2011 don taimaka wa talaka a harkar shari'a ba da kuɗi ba. Ta nan muka dace da lauya. Shi ya zaunar da ni ya fahimtar da ni cewa a dokar Nijar amsa laifi hujja ce kamar sauran hujjoji, alƙali ne ke auna ta, kuma wanda ya amsa a wurin bincike yana da damar janye maganarsa gaban alƙali. Sai dai ya gaya mini gaskiya: janyewa kaɗai ba ta fid da mutum. Dole ya faɗi abin da ya sa ya amsa, a kuma kawo abin da zai tsaya masa. Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa yi mana alkawarin banza ba.

Abin da ya tsaya masa kuwa wani tsohon littafi ne mai maiƙon baƙin mai. Makaniken da ke gyara masa moto yana rubuta duk abin da ya kwana a garejinsa, kuma a daren da aka fasa shagon moto ɗin ƙanena tana can an kwance injinta. Baba makanike ya rufe gareji har sau uku ya zo kotu, ya yi asarar cinikin yini, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Baba, ba ni da bakin gode maka.

Ina gode wa tafinta, wanda ya juya maganar yaron nan yadda ya faɗe ta, har wurin da muryarsa ta sarƙe ya jira shi. Ina gode wa ƴan fadarsu da suka yi karo-karo, jaka ɗaya, jaka biyu, kowane sati kwano bai yanke ba. Biyu daga cikinsu sun shaida cewa tare suka sha shayi a daren har aka tashi. Da limamin unguwarmu da bai bar mu cikin addu'a ba. Mai shagon ma ban riƙe shi a zuciya ba, dukiyarsa ce ta salwanta, Allah ya mayar masa da alheri.

Inna ta ce a gaya muku jibi Juma'a bayan la'asar za a yi saukar Alƙur'ani a ƙofar gida. Ita da kanta za ta dama furar, ta hana kowa taɓa ƙwaryar.