Daga Leeds zuwa filin Arsenal da keken Yaya

Yayana tun zamanin Kanu yake son Arsenal, tun ana zuwa gidan kallo a biya kuɗi a zauna kan benci. Shan inna ta kama shi tun yana ƙarami, da keken guragu yake yawo, shi yasa duk shekarun nan a talabijin kawai yake ganin ƙwallo. Ya taɓa gwada shiga wani fili a gida ranar babban wasa, sai da samari suka ɗaga shi da keken gaba ɗaya suka haura matattakala dashi, aka ajiye shi can baya, ana fara wasa kowa ya miƙe tsaye, ƙeyar mutane kawai ya kalla har aka tashi. Daga ranar bai sake marmari ba.

Toh da Allah yasa ya samu biza zai zo mana ziyara Leeds a farkon 2023, nace in sha Allahu ba zai koma ba sai ya ga Emirates, filin Arsenal da ke Landan, da idonsa.

Aikin tun kafin ya taso aka fara shi. Tikitin Arsenal ba abu ne da zaka tashi da safe ka saya ba, balle a wancan kakar da suke saman teburin Firimiya kowa na rububi. Sai da na yi masa rajista a ɓangaren magoya baya masu buƙata ta musamman, muka tura takardar likita mai nuna yanayin ƙafafunsa, sannan muka fara nema. Abin da ya fara burge ni shine mai keke idan ya samu tikiti, mai rakiyarsa ba ya biyan ko sisi, saboda sun ɗauka cewa rakiyar nan larura ce. Ranar da saƙo ya shigo cewa mun samu wasan Bournemouth na Asabar 4 ga Maris, na kira shi nace Yaya an dace, yayi shiru can yace "kai ƙanina kar kayi min wasa da hankali fa".

Ranar muka yi sammako, sanyi kamar me. Jirgin ƙasa daga Leeds zuwa King's Cross awa biyu ne da 'yan kai, kuma akwai wani tsari da suke kira Passenger Assist, tun kana sayen tikiti kake sanar dasu cewa akwai mai keke. Muna isa tasha wani ma'aikaci ya tare mu, ya ɗauko wani faifan ƙarfe mai naɗewa ya shimfiɗa daga bakin dandamali zuwa ƙofar tarago, Yaya ya gangara ciki da kansa, ba wanda ya kama shi ba wanda ya cicciɓe shi. A cikin taragon akwai fili da aka bari babu kujera, nan keken ya zauna daram, banɗaki mai faɗi a kusa. Mutumin yace zai kira Landan ya faɗa musu taragon da muke, kuma da muka isa muka tarar da wani tsaye da nasa faifan yana jira. Yaya ya kalle ni yace oh, ashe haka ake yi.

A Landan ne sai mutum ya yi lissafi. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ta fi kusa da filin sunanta ma Arsenal, tsohuwar tasha ce tun 1906, da Gillespie Road ake ce mata sai a 1932 kocinsu Herbert Chapman ya matsa aka mayar da ita sunan kulob ɗin, amma hanyar fita daga cikinta akwai matattakala, mai keke ba zai iya ba. Don haka tun a gida na duba taswirarsu, wadda ake sa alamar keke a kan tashoshin da ke da lifta. Muka hau layin Piccadilly daga King's Cross tasha ɗaya tak, muka sauka Caledonian Road, lifta ta haura damu har titi. Wanda bai son wannan wahalar zai iya hawa bas, don bas ɗin Landan duk suna da gangara mai fitowa ta ƙofar tsakiya, baƙaƙen tasi ɗin nan ma suna ɗaukar keke, sai dai tasi akwai tsada.

Daga nan tura keke ne kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Gefen titi duk inda za a tsallaka an kwantar da shi, ba sai ka ɗaga tayar gaba ba. Muna tafe jama'a na ƙaruwa, jajayen riguna ta ko'ina, masu sayar da gyale da hula, warin soyayyen albasa, 'yan sanda a kan dawakai. Sai ga filin ya bayyana, katafaren abu mai cin mutum sama da 60,000, tun 2006 suka dawo cikinsa daga tsohon filinsu na Highbury. Yaya yace in tsaya. Na tsaya. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan yace mu je wajen mutum-mutumin Thierry Henry in ɗauke shi hoto.

Su sauran mutane ta wata ƙofa mai juyawa suke shiga, siririya ce mutum ɗaya ɗaya, keke ba zai ratsa ba ko da wasa. Mu ƙofarmu daban mai faɗi, ma'aikata masu rigar aiki mai sheƙi suna tsaye suka duba tikiti suka duba jaka. Abin da na lura, kuma har yanzu yana raina, da Yaya suke magana ba dani ba. Shi aka tambaya ko yana buƙatar wani abu, shi aka nuna wa inda banɗaki yake. A gida sau nawa za mu shiga wuri a tsallake shi a tambaye ni "me yake so", alhali mutumin ya girme ni, yana da iyali, yana da sana'arsa.

Wurin zamanmu shine gaba ɗaya dalilin wannan rubutun. Wani dandamali ne a bayan rukunin kujerun ƙasa, an ɗaga shi sama da layin da ke gabansa sosai, keke na nan, kujerar mai rakiya na gefensa, ga fili na juyawa. Filin yana da irin waɗannan gurabe sama da 200. Da farko ban gane amfanin tsayin ba, har nake cewa da kusa da ciyawa aka sa mu ai da yafi. Wani dattijo Bature da ke kusa damu a nasa keken mai batir, wanda yace tun Highbury yake zuwa, yace mu bari a fara wasa za mu gani.

Kafin a fara na ɗan zagaya. Akwai banɗakuna na masu keke da yawa, sannan akwai wani babba na musamman da ake kira Changing Places, mai gado da na'urar ɗaga mutum daga keke, don waɗanda ba sa iya motsa jikinsu sam, tun 2014 suka saka shi. Makafi kuma ana basu abin sawa a kunne, wani na zaune yana zayyana musu wasan daki daki, ƙwallo na ina, wa ya karɓa, ta wane gefe, ba irin sharhin rediyo da ake ta hira ba. Na ga wani da karensa mai yi masa jagora kwance a ƙafarsa. Har ɗaki suke da shi na yaran da hayaniya ke firgitawa, su kalli wasa ta bayan gilashi. Ni dai ban taɓa tunanin makaho zai biya kuɗi ya zo fili ba, amma da na ga yadda mutumin nan yake tsalle da ihu sai na gane ashe ba ido kaɗai ke kallon ƙwallo ba.

Wasan kuwa duk ɗan Arsenal ya san shi. Ko gyara zama bamu yi ba, daƙiƙa tara da take ƙwallo Philip Billing ya zura mana, fili yayi tsit. Bayan an dawo hutun rabin lokaci Senesi ya ƙara ta biyu da ka. Yaya ya riƙe kai yace ƙanina mun zo da ƙafar hagu kenan, nace Yaya ka bari dai. Aka rama ɗaya, Ben White ya rama ta biyu, fili ya rikice, lokaci na ta tafiya har aka shiga ƙarin lokaci, minti na 97 aka samu kwana, aka bugo suka fitar da ita da ka, ta faɗo gaban Reiss Nelson a bakin da'ira ya tare ya sheƙa da ƙafar hagu. Wallahi tun kafin a bugo kwanar nan duk wanda ke gabanmu ya riga ya miƙe tsaye, dubban mutane, wasu har kan kujera, amma Yaya yana zaune a kekensa ya ga ƙwallon tun daga ƙafar Nelson har ta girgiza raga. Ya gani da idonsa, bai tambayi kowa me ya faru ba. Ya rungume dattijon nan, dattijon ya rungume shi, hawaye na zuba, ni kuma muryata ta dishe. Tsayin dandamalin nan da nake raina, amfaninsa kenan.

Kar wani yace ai Turawa ne dama can haka suke. Ba haka bane, sai da aka yi gwagwarmaya. Dattijon ya bamu labari muna jiran cunkoso ya ragu, yace a da masu keke gefen fili ake jera su ruwa na dukansu, wani lokacin ma a gaban magoya bayan abokan hamayya. Akwai ƙa'idojin gina fili da aka fitar tun 2003, akwai dokar daidaito ta 2010, amma a 2014 da BBC ta yi bincike kulob uku ne kacal cikin 20 na Firimiya suke da adadin guraben keke da ake buƙata, duk da kuɗin talabijin da suke kwasa. Sai da ƙungiyar Level Playing Field mai kare haƙƙin magoya baya masu buƙata ta musamman da su kansu magoya bayan suka dage, magana ta kai majalisa, sannan a 2015 kulob ɗin suka yi alkawarin gyarawa kafin Agustan 2017. Har yau ma ba ko'ina ne ya kai ba.

Mu ma fa muna da doka. A Janairun 2019 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a farkon 2024. Kuma mu ne muke da ɗimbin waɗanda shan inna ta taɓa a Arewa, mu ne muke da ƙwallon guragu da ake bugawa a kan allo mai taya, mutanen da suka san ƙwallo ciki da bai. Abin da na gani a Landan ba duka ne yake son kuɗi mai yawa ba. Ƙofa ɗaya mai faɗi da ba a turereniya, gangarar siminti, dandamali mai tsayi a inuwa, banɗaki ɗaya da keke zai shiga, da ma'aikaci da aka koya masa yadda zai yi magana da mutum. Birkila na unguwa zai iya yin rabin wannan.

Dawowa mun ɗan jira kamar yadda ma'aikatan suka bamu shawara, don in ka kutsa da keke cikin wannan taron ba za ka ji daɗi ba. Muka sake bi ta Caledonian Road, muka haɗa sallolinmu na matafiya, muka kamo jirgin dare. A hanya Yaya bai yi barci ba, hotunan da ya sa na ɗauka yake ta dubawa, kuma yawancinsu ba na 'yan wasa bane, na dandamalin ne ta gaba da ta gefe, da faɗin ƙofa, da gangarar, har sai da ya sa na tsaya a layin ƙasa ya ɗauke ni don a ga inda kan mutum yake kaiwa in ya miƙe. Yace in ya koma zai kai wa shugabannin ƙungiyarsu ta masu buƙata ta musamman, su rubuta takarda su haɗa da hotunan su kai wa masu kula da filin jiharmu kafin a fara sabuwar kaka.