Abin da awon ruwan Jakara ya koya mini a karatun kimiyyar muhalli

Yawancin waɗanda muka shiga sashen kimiyyar muhalli tare mun shiga ne da zaton cewa za mu shafe shekara huɗu muna tattauna dashen itatuwa, kwararowar hamada da sauyin yanayi, wato batutuwan da muka saba ji a rediyo. Jadawalin shekarar farko bai ƙunshi ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da aka ɗora mana shi ne ilimin sinadarai, fiziks, ilimin halittu da lissafi, a manyan ɗakunan lakca tare da ɗaliban sauran sassan kimiyya, sai kwasa-kwasan gama-gari da kowane ɗalibin jami'a yake yi. Da yawa daga cikinmu sun ɗauki wannan shekarar a matsayin shingen da za a tsallake kawai, amma ni a yau ina ganin ita ce ta raba waɗanda suka fahimci sauran karatun da waɗanda suka haddace shi don jarrabawa.

A shekara ta biyu ne aka fara kusantar da mu ga ƙasa da ruwa da iska. A kwas ɗin ilimin ƙasa mun ɗebo ƙasar jigawa da ta fadama, muka shanya, muka tankaɗe, muka dama kowacce da ruwa a cikin doguwar kwalba mai ma'auni, sannan muka saka na'urar da take auna kaurin ruwan. Yashi yana kwantawa cikin daƙiƙa 40, shi ya sa ake ɗaukar awon farko a daidai wannan lokacin, ita kuwa laka tana nan a rataye cikin ruwan har bayan awa 2. Duk manomin da ya murza ƙasa a tsakanin yatsunsa zai gaya maka wadda take riƙe ruwa da wadda take zubar da shi, kuma ba zai yi kuskure ba. Abin da ɗakin gwaje-gwaje ya ƙara mana shi ne adadi, wanda za a iya rubutawa, a kwatanta da na wata gonar, a kuma sake aunawa bayan shekara goma a ga ko ya canja.

Kwas ɗin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ingancin ruwa a shekara ta uku, domin a cikinsa ne aka tura mu kogin Jakara. Wannan kogi yana ratsa birnin Kano yana kwasar ruwan kwatocin unguwanni, rafin Getsi kuma yana kawo masa ruwan da yake fitowa daga yankin masana'antu na Bompai, kafin su gangara tare zuwa madatsar ruwa ta Wasai. A gefensa manoman rani suna ban ruwa da shi, suna noma latas, alayyahu, kabeji da karas waɗanda ake kaiwa kasuwannin birni. An raba mu rukuni-rukuni, aka ba kowane rukuni wurare uku: sama da mahaɗar rafukan biyu, daidai mahaɗar, da kuma can ƙasa inda ruwan ya riga ya gauraya.

Kafin mu taɓa ruwan sai da malaminmu ya kwashe lakca biyu cur a kan kwalba kaɗai. Kwalbar da za a ɗebi ruwan awon ƙarafa ta roba ce, an jiƙa ta da asid an ɗauraye da tataccen ruwa, a bakin kogi kuma sai an sake ɗauraye ta sau uku da ruwan da za a ɗiba, sannan a ɗiga asid ɗin naitirik a ciki don kada ƙarafan su manne a jikin robar. Ta awon ƙwayoyin cuta daban take, an riga an kashe duk abin da yake cikinta da zafi, ba a ɗauraye ta, ana saka ta a kula mai ƙanƙara, kuma ana so ta isa ɗakin gwaji cikin awa 6. A jikin kowace kwalba ana rubuta wuri, rana, lokaci da zafin ruwan. Malam ya sha nanata mana cewa babu na'urar da za ta gyara samfurin da aka ɗebo ba bisa ƙa'ida ba, komai tsadarta, kuma duk abin da na gani daga baya ya tabbatar da maganarsa.

Awon iskar oksijin da take narke a cikin ruwa shi ne ya fara nuna mini amfanin sinadaran shekarar farko. Ana cika kwalbar gilashi har ta tumbatsa, a rufe ba tare da ko kumfa ɗaya ya maƙale ba, nan take a bakin kogin a zuba ruwan manganis da na ayodin mai kanwa-kanwa. Idan ruwan yana da oksijin sosai, sai wani gari mai launin ƙasa-ƙasa ya taru ya kwanta a gindin kwalbar, idan kuwa babu, garin fari yake fitowa. A ɗakin gwaji ana narkar da shi da asid, a riƙa ɗiga wani sinadarin daga siririn bututun gilashi ɗigo-ɗigo, a ƙara ruwan sitaci ya koma shuɗi, a ci gaba har shuɗin ya ɓace gaba ɗaya, kuma yawan abin da aka ɗiga shi ne yake ba da adadin oksijin. Kwalbarmu ta ƙasan mahaɗa kusan fari fat garinta ya fito, tun kafin mu bar bakin kogin. Ƙwayoyin halittar da suke ruɓar da ƙazantar kwata sun shanye iskar, shi ya sa ruwan yake baƙi yana wari, shi ya sa kuma kifi ba zai rayu a wannan yankin ba.

Akwai wani awon da yake biye da wannan, wanda ake ajiye samfur a cikin duhu kwana 5 a kan zafin digiri 20, a ga yawan iskar da ƙwayoyin suka ci. A garin da zafin rana yake haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan yana buƙatar na'urar sanyaya da ba za ta mutu ba ko na yini ɗaya, wutar lantarki kuwa ba ta ba mu wannan tabbacin ba. Wasu rukunonin sun so su rubuta adadin da suka samu su wuce. Malam ya ƙi, ya ce a rubuta a cikin rahoto cewa wuta ta ɗauke, a faɗi tsawon lokacin, a bayyana cewa ba a dogara da sakamakon ba. Ina ganin wannan ya fi kowace lakca amfani, domin rahoton da ya ɓoye rauninsa yana iya shiga hannun wani ya gina shawara a kansa.

Batun kiromiyam ya koya mini wani abu makamancin wannan. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, masana'antun fata na zamani kuwa da gishirin kiromiyam, don haka duk ɗalibin da ya auna ruwa a Kano yana ɗokin ganin wannan ƙarfen a sakamakonsa. Sai dai kiromiyam iri biyu ne a cikin ruwa: wanda ake jima da shi, da wani nau'in da ya fi shi guba nesa ba kusa ba, wanda aka tabbatar yana haddasa ciwon daji. Na'urar da muka yi amfani da ita tana ƙona samfurin a harshen wuta ta auna hasken da ƙarfen ya shanye, kuma jimillar kiromiyam take bayarwa ba tare da rarrabewa ba. Saboda haka iyakar abin da za mu iya rubutawa shi ne ko jimillar ta haura miligiram 0.05 a lita, wanda shi ne mizanin ruwan sha da aka koya mana, ba mu da ikon cewa nau'i mai gubar muka gani. Tare da kowane rukunin samfur kuma sai an auna tataccen ruwa zalla, domin idan na'urar ta nuna ƙarfe a cikinsa, to daga kwalabenmu ko sinadaranmu ya fito, ba daga kogin ba.

Wanda yake ganin wannan taka-tsantsan ya yi yawa ya tuna da abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje ƙurar tana bin ƙasar da yara suke wasa a kai. Awon jinin yaran da na ƙasar tsakar gida ne ya nuna musabbabin, kuma shi ne ya nuna gidajen da za a kankare ƙasarsu a kawo sabuwa.

Kwas ɗin ƙididdiga, wanda kusan kowa yake gudu, a nan ya zama dole. Awo ɗaya ba ya nuna halin kogi, domin ruwan damina yana tsarma ƙazanta, na rani kuma yana tattara ta, har ma safiya da yamma suna iya bambanta gwargwadon lokacin da aka saki ruwan masana'anta. Sai da na iya lissafin yadda sakamako yake warwatsuwa sannan na gane lokacin da bambanci tsakanin wurare biyu na gaske ne da lokacin da sa'a ce kawai ta ɗiba.

Ziyarar da muka kai fadamar Haɗeja da Nguru ta faɗaɗa tunanin daga kwalba zuwa kogi baki ɗaya. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun canja yadda ambaliyar shekara-shekara take isa fadamar, ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kachala ta samu yanayin da take so ta toshe magudanan ruwa, tsuntsayen jan-baki kuma suka samu mafaka a cikinta suna cin shinkafar manoma. Mun ƙirga tsirrai a cikin murabba'in mita ɗaya-ɗaya, muka kwatanta da hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya a kwas ɗin taswirar kwamfuta. Kwas ɗin dokokin muhalli kuwa gajere ne amma ya ba mu tarihi: sharar guba da aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 ita ce ta haifar da FEPA, tsohuwar hukumar kare muhalli ta tarayya, dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta zo a 1992, NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, kuma a 2007.

Abin da karatun bai shirya ni sosai ba shi ne tsayuwa a gaban manomi. Da na koma Jakara don aikin binciken shekarar ƙarshe, wani dattijo da nake kira Baba, wanda ya bar ni na ɗebi ƙasa da ganyen latas a gonarsa, ya tambaye ni ko sakamakon zai sa a hana su noma. Na gaya masa gaskiya cewa ni ɗalibi ne, ba ni da ikon hanawa ko bari, na kuma bayyana masa cewa wanke ganye yana rage ƙwayoyin cuta amma ba ya fitar da ƙarfen da tsiro ya riga ya zuƙa ta saiwa. Shi da iyalinsa da wannan ruwan suke ci, kuma ba su ne suka gurɓata shi ba. Shi ya sa a babin shawarwari na rahotona na mai da hankali kan tace ruwan masana'antu tun daga inda yake fitowa da kuma haƙa wa manoman rijiyoyin ban ruwa, na kuma rubuta taƙaitaccen bayanin sakamakon da Hausa na kai musu kwafi bayan an duba aikin.