Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Miyar Inna

A makon jiya na tsaya a kan rasuwar Inna, kuma ba zan wuce wannan gaɓar ba sai na yi maganar miyarta, domin a kanta ne Kawu ya faɗa mini maganar da har yau ban haɗiye ba. Bayan an kwana biyu matar Yaya ta dafa mana irinta, da kayan haɗi iri ɗaya, a tukunyar Inna ma, amma da na kai loma ɗaya sai na ce ba ita ba ce. Kawu ya dube ni a gaban kowa ya ce, "Kai dai, hanci bai san daɗin gishiri ba."

Miyar ba ta masu hali ba ce. Inna takan bar albasa a wuta har gefenta ya fara ƙonewa kafin ta zuba ruwa, kuma ɗan ƙaurin nan, wanda matar Yaya ta ɗauka kuskure ne ta gyara, shi nake nema duk ranar da zazzaɓi ko ɓacin rai ya kwantar da ni.

A 2020 cutar korona ta ɗauke mini jin ƙamshi. Harshena yana jin gishiri da tsami da zaƙi kamar kullum, amma komai na ci lami ne, ba ya tuna mini da kowa. A lokacin na karanta cewa yawancin abin da muke kira daɗin abinci hanci ne yake kawo shi, kuma saƙon ƙamshi yana da gajeriyar hanya zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe tunani da motsin zuciya. Linda Buck da Richard Axel sun sami kyautar Nobel a 2004 saboda gano yadda hanci yake rarrabe ƙamshi. Na yarda hanci bai san gishiri ba, amma da Kawu yana raye da na gaya masa cewa hancin ne ya san Inna.

Shekarun da na yi ina aiki nesa da gida ba ni da abin faɗa a kansu, sai dai na sha ƙona albasa da gangan a ɗakin haya. Matar Yaya kuwa har yau tana ganin raina girkinta na yi, kuma Kawu ne ya jawo. Mako mai zuwa zan kawo yadda aka raba kayan Inna, da wanda ya tafi da tukunyar.