Wa ya kashe Dele Giwa?

Jiya a shagon kawuna na ci karo da tsohuwar mujallar Newswatch, takardunta duk sun yi ja. Ina ganin sunan Dele Giwa, ɗan jaridar da ya kasance babban editan mujallar, jikina ya yi sanyi. Ranar 19 ga Oktoba 1986 aka kai masa ƙunshin wasiƙa gidansa da ke Ikeja, ashe bam ne, ya tashi a cinyarsa. Kwana biyu kafin nan jami'an tsaro sun yi masa tambayoyi. Lauya Gani Fawehinmi ya zargi manyan jami'an tsaro biyu, Halilu Akilu da A.K. Togun, da kisan, ya yi ta zaryar kotu, su kuwa suka musanta. Kwamitin Oputa, wanda ya binciki take haƙƙin ɗan Adam a Najeriya, ma ya nemi a sake bincike. Wallahi abin yana ci min rai, har yau kotu ba ta kama kowa da laifin ba.